Akwatin Da Ba Ya Ganin Ja

Ni ƴar Deule ce, aure ya kawo ni Tama. Ban cika shekara biyu a ɗakina ba anka zo ɗibar soja, shekarar da yaƙin Nasara ya tashi. An gama zuba hatsi a rumbu ke nan anka tara samari ƙofar mai gari, likitan soja ya duba haƙoransu da ƙirjinsu, ya nuna wasu da sanda. Maigidana na cikin waɗanda sandar ta nuna. Ya bar ni da cikin wata uku a hannun uwarsa, wadda nake kira Inna. Da faɗuwar ruwan fari na haifi ɗiya mace.

Yarinyar ta fara rarrafe takardarsa ta iso. Da bazara ce, ana tsakiyar cirar albasa a fadama. Marubucin mai gari, wani da ya yi lekwal, makarantar Nasara, a Madawa, shi ya karanta mana a zaure, kuma mutumin nan bai iya karatu ƙasa-ƙasa ba, sai da na bayan danga sunka ji. Bayan gaisuwa takardar ta ce: "Wani mutumin Buza da anka kawo sansaninmu ya gaya mini matata ta bar gidan Inna, ta bi fatake zuwa bariki. In haka ne a faɗa mini gaskiya in sauwaƙe mata. Ni ma in an sallame mu sai in nemi wata ƙasa in zauna, ba ni da fuskar komowa Tama. Kada a aiko mini da lallashi. Na san Inna za ta rufa asiri, takarda kuwa abin da anka gaya mata shi take ɗauka."

Ga ni zaune a wurin, goyo a baya, hannuna na warin albasar gonarsa. Akwai wata ƴar garinmu da ita ma ta yi aure a Tama, ita ce ta tafi, mai kai labari ya haɗa mu. Amma wa zai warware wannan daga nesa? Na ji haushi, na ji kunya, kuma ina son mutumin nan. Yanzu da na tsufa ba ni da abin ɓoyewa. Ina da baki, duk Tama ta shaida, amma ranar sai da munka koma gida na sauke wa turmi fushina.

Washegari marubucin ya aiko a kira ni. Ya ce akwai wani mutumin kudu da ya sauka Madawa da akwatin hoto, kusa da gidan waya yake zama ranar kasuwa. In an ɗauke ni da yarinyar an aika, ai gani ya kori ji. Ya ciro nasa hoton daga cikin littafi yana taƙama. Ga shi tsaye ya riƙe ƙugu, bayansa wani gidan sama mai matakala, gefe kuma jirgin ruwa. Na ce yaushe ya je bakin teku. Ya yi dariya, ya ce zane ne mai hoton ya yi wa fenti, kowa gabansa yake tsayawa.

An ce na tafi bariki, sannan in aika da hotona gaban gidan sama da jirgin ruwa? Ai na dangwala hannu a kan ƙaryar da kaina ke nan.

Na roƙi Inna mu tafi tare a ɗauke mu, in ya ga uwarsa kusa da ni magana ta ƙare. Ta ce gwiwoyinta ba za su kai ta ko bakin fadama ba, balle Madawa, kuma ko a kan raƙumi anka kai ta, ba akwatin da zai haɗiye kamanninta tana da rai. Na yi kuka, na yi gunaguni, ba ta motsa ba. Can da maraice tana tsinkar rama ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ki tahi wajen Gwaggo mai tabarma. In ta ara miki ɗaya, ko makaho ya shafa ya san Tama ce."

Shekarata ta uku ke nan a garin, ban taɓa shiga gidan matar nan ba. Na dai ji ana cewa ba ta sayar da tabarmarta, ba ta saƙa iri ɗaya sau biyu, kuma tabarmarta ba ta fita gari. Lambunta ke ciyar da ita, wanda ta ga dama ta ba shi tabarma kyauta. Ni kuwa a raina ina cewa yanga ce kawai. Tabarma ai tabarma ce, mu ma a Deule da kaba a hannu anka haife mu.

Gidanta na ƙarshen gari, wajen goribobin bakin ƙorama. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ita kaɗai take zaune da awaki biyu. Na yi sallama na same ta ƙarƙashin rumfa, ƴar ƙaramar tsohuwa, yatsunta sun rine har ba a gane asalin launinsu. Ba ta daina saƙa ba.

"Ƴar Deule ce? Mi ya kawo ki, ko kabar garinku ta ƙare?"

Na durƙusa na gaishe ta, na buɗe baki zan fara bayani, sai idona ya faɗa cikin ɗakinta. Akwai tabarma rataye a bango. Na tsaya ina kallo, baki buɗe.

Wanda bai taɓa saƙa ba sai an yi masa bayani. Tabarma ba gaba ɗaya ake saƙa ta ba. Dogon layi ake yi, faɗin tafin hannu, ana saƙawa ana naɗewa, in ya isa a yayyanka, a jera, a ɗinke gefe da gefe da basilla. Shi ya sa adon kowa bin tsawon layi yake: ja, fari, baƙi, a sake. Adon Gwaggo ƙetare layukan yake yi. Tana saƙa layi na farko tana sane da inda jan da ta sa zai tarar da baƙin layi na bakwai, wanda ba ta ko tsaga kabarsa ba tukuna. Ba zane a ƙasa, ba alama, duk a kanta yake. In ka dubi naɗin da ke cinyarta sai ka ce shirme take yi. Sai ranar ɗinki abin yake tashi.

Ta bango ɗin, ja ne na karan dafi yake karkace-karkace cikin baƙi, ya yi faɗi a nan, ya tsuke a can, ya rabu biyu ya sake haɗewa. Gefe da gefe ƙananan murabba'ai a jere. Na daɗe ina kallo kafin na gane ƙoramarmu ce ranar da ta kawo jan ruwa daga duwatsu, da fangalan albasa a bakinta. Har inda take yin gwiwa wajen lambun maigidana na gani. Kullum ta nan nake bi, ban taɓa ganin wurin yana da kyau ba sai a bangon tsohuwar nan. Na ji kunyar abin da nake kira saƙa.

"Rufe baki, ƙuda na nan," in ji ta.

Na gaya mata duka. Ta saurara tana saƙa. Da na gama ta ce mijina shi ke saro mata kaba tun yana saurayi, bai taɓa kawo mata wadda ta tsufa ba, kuma shi kaɗai ya taɓa tambayar ta me ado kaza yake nufi. Ta tashi da kanta ta sauko da tabarmar, ta naɗe, ta ɗaure da igiya.

"Wagga ya sani, gabansa na ɗinke ta. In kika bari ruwa ya taɓa ta, kada ki komo Tama, ki wuce garinku."

Ranar jajiberin kasuwa na bi ayarin mata masu kai albasa. Tun asuba munka fita da jakuna, sai la'asar munka shiga Madawa, munka kwana gidan wata ƴar uwar Inna. Da hantsi na sami mai hoton.

Mutumin wajen Dahome ne, dogo, mai furfura kaɗan, Hausarsa a karye take amma ana ganewa. Akwatinsa na katako ne a kan ƙafa uku, da ido ɗaya na gilashi a gaba, baƙin ƙyalle a baya, da wani hannun riga a gefe inda yake zura hannunsa. Shi ya haɗa abinsa da kansa, shi ya yi wa zanen nan fenti, ba ya aiki ƙarƙashin kowa. Na zauna ina kallon yadda yake yi da mutane, na ga ba ɗan wasa ba ne. Wani gardi, ɗan sandan Nasara, ya zo da jar hularsa yana sauri, ya ce a ɗauke shi nan take. Mai hoton ya dubi sama ya ce a'a, rana ta yi tsaye, idonsa zai fito kamar rami, ya komo in inuwa ta juya. Gardin ya yi ta faɗa, shi kuwa ya ci gaba da goge gilashinsa. A zamanin nan wa ke ce wa gardi a'a? Na ji mutumin ya burge ni.

Da inuwa ta juya anka zo kaina. Na ba shi kwandon albasa da kaza, ya karɓa da murna. Na ce ya kawar da gidan samansa, na warware tabarmar. Ya matso ya bi jan da yatsa, ba tare da ya taɓa ba, tun daga sama har ƙasa. Ya tambayi wanda ya yi, na gaya masa. Ya girgiza kai, ya ce ya yi yawo garuruwa da dama bai ga irin wannan ba. Sannan fuskarsa ta canza.

"Uwar yarinya, akwati ba ya gani ja. Ja da baƙi, wurinsa ɗaya ne. Wannan duka zai fito baƙi."

Na ji shi sarai, ban dai yarda ba. Wane irin ido ne zai ga gashin gira ya kasa ganin ja? Na ɗauka so yake ya lallaɓa ni in tsaya gaban fentinsa. Na ce ni ba ƴar yau ba ce, kwana na yi a hanya, ya ɗauka kawai. Ya sake faɗa, na sake ƙi, har mata sunka fara taruwa. Ya ɗaga kafaɗa, ya rataya tabarmar.

Ya zaunar da ni a kujera, ya shige ƙarƙashin ƙyallensa, ya fito, ya cire murfin idon yana ƙirga da yarensu, ya mayar. Ya zura hannu cikin akwatin yana motsa abin da ba mu gani. Takardar farko ta fito a juye, ni fara fat, haƙorana baƙi. Na kusa ihu. Ya ce in yi haƙuri, ya kafa ta gaban akwatin ya sake ɗaukar ta, ta biyu ta fito daidai. Ga ni, ga yarinyar. Bayanmu kuwa baƙi ƙirin, ba ƙorama, ba fangali, ba komai. Sai ka ce mai takaba ce zaune a bakin kushewa.

Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Mutumin bai ce ai na gaya miki ba, da ya faɗa da na sami wanda zan yi faɗa da shi. Cewa ya yi takardar hoto ta kusa ƙare masa, yaƙi ya hana a kawo wata, kasuwa uku sunka rage masa ya koma ƙasarsu kafin ruwa ya tsare hanya.

Na komo Tama na wuce gidan Gwaggo kai tsaye, na miƙa mata tabarmarta da hoton. Ta kai shi bakin ƙofa wajen haske, ta juya shi, ta matso da shi, ta nisantar.

"Ina aikina?"

Na gaya mata abin da mai hoton ya ce. Na yi zaton za ta zage ni, ko ta ce dama abin Nasara ba albarka. Can ta ce, "Wata huɗu na yi a kan wagga tabarma. Katako ya dube ta ya ce ban yi komi ba." Ta sake duban hoton. "To mi yake gani, in bai ganin ja?"

Na ce ban tambaya ba.

"Ba ki tambaya ba. Kin tahi har Madawa da bakin nan naki, abu ɗaya da ya kamata ki tambaya kin bar shi can."

Kasuwa ta gaba, Gwaggo, matar da ta shekara goma ba ta taka Madawa ba, ta hau jaki. Ta ɗauro ƙunshin kaba na duk launin da take da shi: ja mai duhu da mai haske, rawaya, baƙin bagaruwa, shuɗin baba kala uku, fara wadda ta sha rana, da wadda ta sha hayaƙin madafa. Ta sauka gaban mai hoton, ko gaisuwar kirki ba ta bari sun gama ba.

"Kai ne mai akwatin da ya raina ni?"

"Iya, ba ni ba ne, shi ne," in ji shi, yana nuna akwatin. Ya cire hularsa ya rusuna mata.

Abin da na gani ranar ban sake ganin irinsa ba. Ta jera kabar a kan allo, launi bayan launi. Shi kuma ya ɗauki takarda guda cikin ƴan da sunka rage masa, ya yanka ta huɗu a cikin akwatin don gwaji. Takarda ɗaya abincin kwana nawa ce a wurinsa, amma bai ko yi maganar ba. Masu son hoto sunka zo, ya ce su jira. Ya ɗauka, ya wanke, sunka haɗa kai a kan ƴar guntuwar takarda, furfura biyu, ita da Hausar Adar, shi da tasa karyayya, kowa na katse ɗan uwansa. Ja ya fito baƙi. Rawaya, da take ganin ta fi kowa haske, ta fito da duhu. Shuɗi mai haske ya fito fari tas, ya fi farar kabar kanta. Mai hayaƙi ta tsaya tsakiya. Gwaggo ta buga cinya ta yi dariya, karo na farko da na ji dariyarta.

"Ashe ba makaho ba ne. Idonsa ne daban."

Ya gaya mata kuma ƙananan ado narkewa suke a hoto, sai manya. Ta sa shi ya bar ta ta leƙa ƙarƙashin ƙyallen. Ta fito tana cewa duniya a kife take a ciki. Ta tambaye shi faɗin da idon ke ɗauka bayan mutum in yana zaune, ya auna mata da igiya, ta ƙulla igiyar ta sa a lalitarta. Da za mu tafi ya ce zai ɓoye takarda biyu, ko kumandan, Baturen mulki, ya zo ba zai ba shi ba, amma kada mu wuce kasuwarsa ta ƙarshe.

Kwana goma sha biyu gare mu, in an cire na hanya. Na ce wa Inna ta yafe mini aikin gida, na koma gidan Gwaggo da yarinyar. Ni ke tsaga kaba, ni ke jiƙawa, ni ke rini yadda ta ce. Saƙa kuwa ba ta bar ni na taɓa ba. Daga sallar asuba har rana ta faɗi tana zaune, leɓenta na motsi, wani lokaci ta rufe ido ɗaya ta dubi layin, wai tana kallonsa da idon akwati. Sau biyu ta warware aikin yini guda. Yatsunta sunka tsage, na shafa mata man shanu, ta ce in daina ɓata mata lokaci.

Ranar da ta ɗinke ta, matan unguwa sunka zo gani, don tabarmar Gwaggo in ta tashi labari ne. Sunka dubi juna. Ni ma raina ya ɓaci. Abu ne fari-fari, toka-toka, da shuɗi kamar tsohon zane da ya sha wanki, ado manya-manya ba ko ɗigon ja. Wata ta ce a hankali tsufa ya zo wa Gwaggo. Wata ta ce ko ɗiyarta ta fi wannan. Kafin magariba maganar ta gama gari. Matar da ba wanda ya taɓa kushe wa aiki ta ji su da kunnenta, ta ci gaba da datse bakin kabar da wuƙa.

Da sunka watse na ce, "Gwaggo, na jawo miki magana."

"Ba don idonsu na yi ta ba," in ji ta. "Ɗaure ta."

Kasuwar ƙarshe hadari ya fara haɗuwa gabas. Mai hoton ya riga ya naɗe zanen fentinsa, mu kaɗai yake jira. Igiyar ratayewa ma ya ɗaure ta cikin kaya, sai Gwaggo ta hau dutse bayan tabarmar ta riƙe ta da hannu. Ya roƙe ta ta fito a ɗauke ta tare da mu, ta ce aikinta ya ishe ta wakili.

Ya zaunar da ni, ya ce in ɗora yarinyar a cinya, in rungume ta, in dubi idon. Nan kuma wata matsala. Ƴar fari ce. Mu a wurinmu uwa ba ta rungumar ɗan fari gaban mutane, ba ta ko kiran sunansa. Karon farko a gefena na ajiye ta kamar ba tawa ba. Ga jama'ar kasuwa sun kewaye mu. Na sunkuyar da kai, na riƙe ta da yatsa biyu.

Murya ta fito daga bayan tabarma. "Ke ƴar Deule, hannuna ya gaji. Kunyar nan ki ajiye ta sai mun koma gida. Uban ɗiyar bai taɓa ganin ta ba, ki nuna mishi ita."

Na jawo ɗiyata jikina, na ɗaga kai. Ya cire murfin, ya ƙirga, ya rufe.

Da takarda ta biyu ta fito, shi ya fara gani. Bai ba ni ba, sai ya zagaya ya miƙa wa Gwaggo da hannu biyu. Na leƙa ta kafaɗarta. Ƙoramar Tama ce ta sauko fara sol cikin baƙi, ta ratsa bayan kaina, ta yi gwiwarta daidai kafaɗata, fangalai a jere kowane da inuwarsa. Tabarmar da anka yi wa dariya ta fi waccan ja ɗin tashi. A can saman hoton ga kan yatsu takwas sun leƙo. Gwaggo ta duba ta duba, ta ce layi na biyar ya ɗan zame. Mai hoton ya ce shi bai gani ba. Ta ce ai shi ba masaƙi ba ne. Ya roƙe ta takardar farko, mai juyayyen launi, ya ce zai tafi da ita ƙasarsu, ta ce ya ɗauka. Ranar munka sa hoton a gidan waya, ba dogon rubutu, gaisuwar Inna kawai. Ban sake ganin mai hoton ba.

Amsa ba ta zo ba. Damina ta wuce, wata ta wuce. Anka ce an kai sojojin wata ƙasa, anka ce an kama wasu. Ban san ko hoton ya isa ba, ban san ko yana da rai ba, ban san ko ya gani ya ƙi yarda ba, kuma wannan na ƙarshe shi ya fi ci mini rai. Dangina sunka aiko daga Deule sau biyu in je a raba auren, na ce su bar ni. Duk ranar da na sami sarari ina gidan Gwaggo. Ta koya mini abin da kaina zai iya ɗauka, wanda bai kai rubu'in nata ba. Ta rasu a damina ta huɗu, da naɗin saƙa a gefen shimfiɗarta wanda ba wanda ya san yadda za a jera shi.

Bayan yaƙi ya ƙare, wata ranar kaka ina sussuka, anka ce ga soja a bakin gari. Ya shigo a rame, kunne ɗaya ba ya ji. Inna ta kama shi tana kuka. Yarinyar, da ta kai shekara biyar da wani abu, ta gudu bayan rumbu. Na kawo masa ruwa na durƙusa, ban iya ɗaga ido ba.

Sai da mutane sunka ragu ya ciro wata ƴar jakar fata daga ƙirjinsa, ya buɗe. Hoton ne. Ya yi laushi kamar tsumma. Inda fuskata take, da ta yarinyar, babu komai sai farin tabo guda biyu, babban yatsansa ya cinye su. Ƙoramar kuwa tana nan, da fangalanta.

Ya ce fuskokinmu sun goge tun shekara ta biyu. Ya ce ranar da hoton ya iso, tun kafin ya dube ni da kyau ya gane hannun Gwaggo a tabarmar, ya san ba mai samun wannan sai wadda ke zaune a Tama da mutuncinta. Mutanen Adar da ke sansanin sukan zo su roƙe shi su gani, kowa na nuna inda ya ce ya yi kama da garinsu. Da anka sallame su, abokai sun ce ya zauna can bakin teku akwai aiki, ya ce shi yana da gida.

Ya mayar da hoton cikin jakar, ya jawo takalmansa.

"Bari in tahi in gaishe da Gwaggo tun rana ba ta faɗi ba."

Na dubi Inna, Inna ta dubi ƙasa. Ni na gaya masa. Bai ji ba, ta wajen kunnen da ya mutu na faɗa. Sai da na zagaya ɗaya gefen na sake faɗa da ƙarfi.

Ya zauna da takalmi ɗaya a hannu.